Kututture Uku a Otter Bluff

Ni na fara ganin ɓarnar, ranar da na gangara kwari neman naman kaza, wannan da ke tsirowa a gindin matattun itatuwa in ruwan watan Mayu ya sauka. A garinmu Trevarth mutum zai gaya maka ciwon da ke damunsa, ya gaya maka rigimarsa da matarsa, amma ko za ka yanka shi ba zai gaya maka inda yake tsinkar naman kaza ba. Nawa wurin yana can ƙasan gandun jiha na Otter Bluff, kusa da wasu manyan itatuwan walnat uku da suke tsaye tun kafin kakanninmu su zo haƙar dalma.

Tun daga nesa na ga hasken ya yi yawa a kwarin. Da na matsa sai ga kututture uku, rassa a zube kamar an share gida an tara, gangar jikin itatuwan kuwa babu ita. Na zauna a kan ɗaya na yi kuka, don a nan na watsa tokar mijina Glenn. Sannan na share fuska na kira ofishin gandu.

Kafin rana ta take labari ya gama gari. Shagona yana tsohon titi, inda gidajen dutse suke, inda kwamitin tarihi ba ya barin mutum ya sauya ko launin ƙofarsa. Burodin nama da kofi nake sayarwa, kuma duk gulmar Trevarth a kan teburana ake soya ta. Ranar kuwa da na shigo sai kowa ya sunkuyar da kai yana juya cokali. Na san wanda suke zargi tun kafin su buɗe baki.

Surukina ne, Travis, mijin 'yata Janelle. Ɗan Milwaukee ne, hannunsa duk zane, kuma ya taɓa zaman gidan yari kan satar kayan mota tun yana saurayi. An sake shi ne bisa sharaɗi, ko ƙaramin laifi ya sake yi zai koma ya ƙarasa shekarunsa. Tun kaka yake aiki a gandun, yana share itatuwan da suka faɗo kan hanya, don haka yana da zarton inji, yana da mabuɗin ƙofar arewa. Janelle kuwa cikinta ya tsufa.

Washegari 'yan sandan gunduma suka tafi da shi daga wajen aiki. Wanda ya zo ya gaya mini dalili shi ne Merle Tresidder, shugaban ƙungiyarmu ta masu taimakon gandu, tsohon malamin aikin daji, aminin Glenn tun suna yara. Shi ya riƙe Janelle ranar baftisma, har yau Kawu take ce masa. Ya tsaya a ƙofar shago da hularsa a hannu, ya ce an tambaye shi ne, kuma ba zai iya ƙarya ba, ya ga a-kori-kurar Travis a ƙofar arewa a makon da aka rufe hanyar kwari don gyaran gada.

"Da na haɗiye harshena, Lorna, da ya fi mini," in ji shi.

Na ba shi kujera, na zuba masa kofi, har ni ce nake ba shi haƙuri.

* * *

'Yan sanda sun samu mutuminsu, sun huta. Wadda ba ta huta ba ita ce Rhonda Kolstad, jami'ar gandu. Duk yankinmu in maharbi ya raunata barewa ta ɓace masa, ko baƙo ya saki hanya da 'ya'yansa, ita ake kira, don bin sawu ne aikinta tun tana yarinya a bayan mahaifinta. Mace ce mai nauyin baki, sai ka yi mata tambaya ka gama shan kofinka kafin ta amsa. Na je na same ta na ce duk inda za ta taka ƙafata tana bayanta. Ta dube ni, ta dubi takalmina, ta ce in je in sauya shi tukuna.

A kwarin ta daɗe a durƙushe gaban kututturen. Ta nuna mini yadda aka tone ƙasar da ke kewaye da gindi kafin a sa zarto, aka yanka daidai da ƙasa. Ta ce nan ne katakon ya fi kyau, wanda ake yin ƙotar bindiga da teburin masu hali da shi, kuma sai wanda ya san walnat ne zai wahalar da kansa haka. Ta ga aikin Travis a hanyoyin gandu, shi a tsayin gwiwa yake yanka, don kada ya sunkuya.

Na ce to shi ke nan, mu je mu gaya musu. Ta ce alƙali ba ya sakin mutum don yana da ƙyuyar sunkuyawa.

Ta bi sawun tarakta. 'Yan sanda sun ce ta ƙofar arewa aka fitar da itatuwan, amma su ko gangarowa ba su yi ba, daga kan gada suka leƙa. Sawun yamma ya nufa, ya haura tudu, ya ratsa cikin itatuwan ok, ya ɓulla a shingen gonar Duane Rasque. An yanke wayar shingen, an kuma ɗaure ta da kyau. Zuciyata ta yi sanyi, don Duane ya shekara yana shari'a da gandun a kan iyaka, kuma ya sha faɗa a shagona cewa wata rana sai ya sa wa dajin nan wuta.

* * *

Muka same shi yana gyaran injin ciyawa. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Rhonda, in kuɗin shiga kika zo karɓa, ban shiga dajinku ba. Ke kuma Lorna, ba a nan surukinki ya ɓoye ba, an ce gwamnati ce ke ciyar da shi yanzu."

Na ce masa ya ci gaba da surutu, akwai gado a kusa da na Travis.

Rhonda ta tambaye shi inda yake a safiyoyin makon da aka rufe hanya. Ya ce yana inda yake. Ta sake tambaya, ya ce ba gida yake ba, ba kuma gona ba, kuma ta kira masa duk 'yan sandan jiha, amsar ke nan. Taraktarsa tana nan a rumfa, Rhonda ta tsuguna ta dubi tayar, ta miƙe. Ni dai na gama yanke masa hukunci a raina.

Matarsa Carol ce ta fito daga kicin tana goge hannu, ta ce mu biyo ta. Ta buɗe mana firiza, ga naman kaza jaka a kan jaka har baki.

"Ga inda yake. Tun asuba yake haye kogi, kuma ni da muka haifi 'ya'ya tare ban san wurin ba. Wannan tsohon ya gwammace a ɗaure shi da ya faɗa."

Duane ya yi ta zagin matar a kan ta tona masa asiri, ya ce yanzu kowa zai san ƙetaren kogi ne. Da ya huce ya ce wata safiya da yake dawowa ya ji ƙarar zarto, ya kuma ga babbar motar katako mai lambar jihar Iowa a tsohuwar hanyar ma'adinai da ke bayan gonarsa. Ya ɗauka gandun ne ke sayar da itace a ɓoye, abin da ya daɗe yana zarginsu da shi. A mota Rhonda ta ce mini tayar taraktarsa ta fi sawun faɗi, tun farko ta san ba shi ba ne. Na ji haushinta, na kuma ji haushin Duane da ya ƙi zama ɓarawo.

* * *

Kwanaki suka yi ta tafiya. Janelle ta daina shigowa tsohon titi saboda kallon da ake mata. Merle ne kawai yake zuwa gidanta, ya kai mata miya, ya yanke mata ciyawar ƙofar gida. Na ce a raina Glenn ya mutu amma ya bar mana ɗan'uwa.

Wata safiya Rhonda ta kira ni muka koma tudun nan na itatuwan ok. Wannan karon ba ƙasa take kallo ba. Ta ce tun jiya abin yake damunta, an ja manyan gumagumai uku da sarƙa ta tsakanin itatuwa masu matsi haka, amma ba ta ga ƙujewa ko ɗaya a jikinsu ba. Ta tsaya gaban wani ok, ta lashi babban yatsa ta goge wani wuri da ya yi kama da laka daidai ƙugunta. Lakar ta fita, sai ga jan fenti.

An ƙuje itacen, an shafe raunin da fenti, an kuma bi da ƙasa an rufe don kada ido ya gani. Muka bi tudun, muka same su ɗaya bayan ɗaya har bakin shingen Duane, babu wanda aka tsallake.

Ba sai ta yi mini bayani ba. Duk wanda ya taɓa aikin Asabar da ƙungiyarmu ya ji wannan karatu har ya gaji. Daga watan Afrilu zuwa Yuli, in ka ji wa ok rauni, wasu ƙananan ƙwari suna jin ƙanshin ruwansa su zo da cutar da ke busar da shi, ta kuma bi ta saiwa ta kashe na kusa da shi. Magani ɗaya ne, a shafe raunin da fenti nan take. Jan kuma na san shi, shi ne wanda kwamitin tarihi ya yarda a shafa wa ƙofofin tsohon titi, har da ƙofar shagona.

"Ɓarawon Iowa ba zai tsaya yi wa itace magani ba," in ji Rhonda. "Na kuma je na tambayi Travis abin da zai yi in ya ƙuje ok. Ya ce sai ya ba shi haƙuri. Bai taɓa yin bazara a nan ba, ba wanda ya koya masa tukuna."

Na ce ai mu da yawa ne muka san wannan, kuma kowane gida a titin yana da ragowar gwangwanin fentin nan. Ta ce haka ne. Ta tambaye ni a cikinmu wa zai iya kayar da walnat ya kwanta inda yake so, wa kuma ya ce ya ga motar Travis a ƙofar da ba ta nan aka bi ba. Na ce mata ta kiyaye ni. Na faɗa mata maganganun da ba zan maimaita ba, na gangara na bar ta a tudun. Amma kafin in kai mota sunan da take nufi ya riga ya zauna a kaina.

* * *

Ranar Asabar aikin ƙungiya ne, kowa ya zo da kwanonsa na abinci kamar kullum. Rhonda ta ce yau ba share hanya za a yi ba, a biyo ta. Ta sa an kira Duane, ya zo yana mita. Janelle ma ta nace sai ta zo, Merle ne ya riƙe mata hannu a hawan tudu, ni kuwa ina bayansu ina kallon ƙeyarsa.

Rhonda ta tsayar da mu gaban ok ɗin da ya fi tsufa a tudun, wanda mutum biyu ba sa iya rungume shi. Ta goge lakar ta nuna fentin. Ta faɗi abin da ta gano a taƙaice, ta ce wanda ya yi wannan ɗayanmu ne, kuma akwai mutumin da yake tsare saboda shi. Ta ce in yana nan ya yi magana.

Ba wanda ya fito. Duane ya ce shi dai ƙofar gidansa na tsohon titi koriya ce, kowa ya sani, har tara kwamiti ya ci shi. Wasu suka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na dubi Merle, yana tsaye kusa da Janelle yana girgiza kai kamar mai jin takaicin duniya.

Rhonda ta sake tambaya. Sannan ta zaro ƙaramin gatari daga jakarta. Ta ce tunda haka ne za ta sassaƙe ɓawon kowane itace da aka shafa wa fenti, ta aika ɗakin bincike a Madison a gano gwangwanin da ya fito. An kuma hana ta sake shafa komai a wurin sai an gama shari'a. Wata tsohuwa a cikinmu ta ce ai Mayu ne, za su mutu duka. Rhonda ta ce ta sani, amma ba ta da zaɓi. Ta gyara tsayuwa, ta ɗaga gatarin.

"Ajiye, Rhonda."

Merle ne. Ya saki hannun Janelle ya shiga tsakanin gatarin da itacen.

"Kin fi kowa sanin abin da zai faru. Kafin kaka tudun nan duka ya bushe. Gwangwanin yana ƙarƙashin tsohon gidan niƙan gari, ki je ki ɗauka. Ni ne."

Daga baya Rhonda ta gaya mini ba wanda ya hana ta komai, kuma ba ta da niyyar taɓa itacen. Ta dai san mutumin da take farauta ne.

Da ya fara bayani bai ko sunkuyar da kai ba. Ya ce rufin tsohon gidan niƙa yana zuba, ya yi shekaru yana roƙon jiha ta gyara an ƙi, in aka ƙara hunturu ɗaya ginin zai rufta, kuma in gidan niƙa ya tafi Trevarth ta tafi. Ya ce walnat ɗin sun tsufa, ɗaya ya fara ruɓewa ta ciki, ko ba shi ba iska za ta kayar da su. Ya samu mai saye daga Iowa da tarakta da mota, ko sisi bai sa a aljihunsa ba, duk yana wurin mai rufi. Yana magana yana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, kamar yana jiran a gode masa.

Janelle ce ta tambaye shi, a hankali, "Kawu, Travis fa?"

Ya ce ya san ba za su samu hujja a kansa ba, ya ɗauka za su riƙe shi kwana biyu su sake shi. Ya ce sai da ya ga sun fara tambayar 'yan ƙungiya ne ya ambaci motar, don a kawar da ido.

A nan na kasa riƙe kaina. Na ce, "Merle, ka bi tudun nan itace bayan itace da buroshi, ka durƙusa ka yi wa kowanne magani. Yau ka ba da kanka don kada a ƙuje ɓawo. Amma mijin 'yar da ka riƙe a coci yana kulle, ka zauna a shagona ka sha kofina."

 Ya juya ya ce wa Rhonda ta tabbata an bar fentin yadda yake. Ban taɓa jin an ci amanata kamar ranar ba, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne har aka sa shi a motar 'yan sanda bai ga abin da ya yi ba.

* * *

An saki Travis a farkon mako. Janelle tana kwance, likita ya hana ta motsi tun ranar tudun, don haka ni na je ɗauko shi. Ya rame, ya fito da kayansa a jakar leda. A hanya na gaya masa duk yadda aka yi, ina jira ya fashe da zagi. Sai da muka wuce gadar kogi ya yi magana.

"Yana zuwa wurina, Mama," in ji shi. "Duk ranar ziyara yana zuwa. Shi kaɗai ne daga gari."

Na ce zuwa yin me.

Ya ce zuwa ba shi shawara. Merle ya gaya masa ya san alƙalin, ya san yadda mutanen gundumar nan suke kallon irinsa, in aka je shari'a ba zai tsira ba. Gara ya amsa laifin a rage masa, ya fito kafin yaron ya shiga makaranta. Ya kuma yi masa alkawari zai kula da Janelle da jaririn kamar nasa.

"Na gaya wa lauya na yarda," in ji Travis, yana kallon titi. "Da jibi ne zan amsa. Har godiya na yi masa."

Na gangara gefen hanya na kashe mota, don na daina ganin gabana. Travis ya fito ya zagayo, ya buɗe ƙofata, ya ce in matsa shi zai tuƙa, Janelle tana jira.